Darasi: Makarantar da Ake Haɗa Littafi da Fartanya

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji iyaye suna cewa, "Ɗana ya yi boko, ya wuce riƙe fartanya." Bari mu duba wata makaranta a Amurka, mu auna wannan magana.

Kwalejin Berea tana jihar Kentucky. Wani fasto mai ƙin bautar da mutane, John G. Fee, shi ya kafa ta a 1855, domin baƙar fata da farar fata, maza da mata, su yi karatu tare. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi take ɗauka.

Ɗalibi yakan karanta tarihi, lissafi, kimiyya da harsuna, sa'an nan ya ƙware a fanni guda. Amma dole kowa ya yi aiki aƙalla awa 10 a mako: wani a gona, wani wajen shanu, wani saƙa, kafinta, ɗaurin tsintsiya ko girki. Ana biyansu ɗan lada, ana kuma rubuta ƙwazonsu a wurin aiki kamar yadda ake rubuta sakamakon jarrabawa. Ɗalibin noma da ya ji bayanin taki a aji yakan je gona ya gwada da hannunsa.

Idan muka raba 'ya'yanmu da aikin hannu saboda takardar shaida, ranar da aikin ofis bai samu ba, sun rasa biyu.

Tambayoyin tattaunawa:
1. Wace sana'a muka iya wadda ba mu koya wa 'ya'yanmu ba?
2. Makarantar ƙauyenmu tana da filin da yara za su yi lambu?