Darasin Cefane: Me Ke Sa Tumatir Tsada Da Damina?

Uwargida, kin lura tumatir na araha da rani, da damina kuwa sai ya yi tashin gwauron zabi? Da rani manoman Kadawa na tsinkarsa da yawa, ga shi ba ya ajiyuwa, dole su sayar ko kuɗin taki da fetur ɗin ban ruwa bai fita ba. Da damina ruwa da cuta ke lalata shi. Ko farashi ya ninka, manomi ba zai ƙaro kaya gobe ba, sai shuka ta yi kusan wata 3. Hatsi kuwa yana rumbu, da ya yi tsada a fito da shi.

Don haka 'yar'uwa, yanka ki shanya tun yana araha. Allah Ya sa wa cefanenmu albarka, amin.