Hatsi da Wake: Darasi Daga Tukwanen Waɗansu Ƙasashe

Ko wane hakimi da ya saba fita rangadi ya san bambancin abincin da a kan kawo wa baƙo da wanda masu gida su ke ci bayan baƙo ya tafi. Baƙo a kan yanka masa kaza ko ɗan akuya, masu gida kuwa sai su koma ga tuwo da miyar kuka, wani gidan ma sai Salla ta zagayo kafin nama ya shiga tukunya. Saboda haka mutane da yawa sun ɗauka ramar yara da kumburinsu ba su da magani sai ran da wadata ta zo. Wannan zato yana bukatar gyara. Akwai al'ummai masu yawa a duniya waɗanda ba su cika cin nama ba, waɗansu don addini, waɗansu don tsada, amma matansu sun san yadda a ke sarrafa amfanin gona har ya gina jiki. Dabararsu kusan ɗaya ce ko ina, watau gama hatsi da wake.

Dalilin haɗin

Abin da ke gina tsoka da jini shi likitoci ke kira furotin. Misalinsa kamar gini ne da a ke yi da tubala iri 20, amma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya buga su da kansa, tilas sai an ci su cikin abinci. Nama da ƙwai da madara suna ɗauke da tubalan nan 9 daidai wa daida. Gero da dawa da masara da shinkafa su ma suna da furotin, sai dai akwai tubali guda, mai suna laisin, wanda ya yi ƙaranci a cikinsu. Wake yana da laisin da yawa, amma ya gaza wajen wani tubalin, wanda hatsi ke da shi. In aka gama su biyu, ko wanne sai ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Ga babban mutum ba lalle sai a ƙwarya ɗaya ba, ya isa su haɗu a cikin abincin yini guda.

Ga kimanin yawan furotin cikin ko wane kashi 100: busasshen wake 23, waken soya 36, gero 11, shinkafa 7, garin rogo kuwa bai kai 2 ba. Gyaɗa tana da furotin kamar na wake ko fiye kaɗan, ga kuma mai, amma ba ta kai wake laisin ba, don haka ba ta maye gurbinsa sarai.

Waɗanda rashin haɗin nan ya fi cuta su ne yaran da aka yaye. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a ƙasar da a yanzu a ke kira Gana, ta ba da bayanin wata cuta da ke kama yaran da a ke ciyarwa da kokon masara zalla: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ankara ke kiranta da harshen Ga, watau kwashiyoko, cutar yaron da aka ture daga nono don ƙanensa na tafe. Hausawa sun san wannan hali, shi ne abin da a kan gani bayan kwanika. Likitocin yanzu sun gane ba ƙarancin furotin kaɗai ke jawo ta ba, kyanda da zawo da ƙarancin abinci gaba ɗaya duk suna da hannu. Amma har yanzu tsinkakken kunu da ba kome cikinsa sai hatsi da ruwa yana daga cikin manyan ƙofofin tamowa.

Tukunyar Indiya

Babu ƙasar da ta kai Indiya yawan mutanen da ba su cin nama, ba kuma wadda ta kai ta noman dangin wake da cinsu. Miyar da a ke ci kullum a gidajensu sunanta dal. A kan dafa ɓarzajjen wake har ya narke, sa'an nan a soya albasa da tafarnuwa da kayan ƙamshi daban cikin man shanu, a juye su kan waken yana tafasa. Da ita a ke cin shinkafa ko gurasa.

Abin da ya fi dacewa a koya shi ne wanda su ke kira kicari, gama shi ne a kan fara ba jariri bayan nono, shi kuma a kan dafa wa majinyaci. A auni shinkafa gwangwani 2 da surfaffen wake gwangwani 1, a wanke, a jiƙa. A zuba su tukunya ɗaya da ruwa mai yawa, da gishiri da ɗan kurkum, a bar su kan wuta kaɗan-kaɗan har su luguiguice su zama kamar fate, ba a iya bambanta ƙwayar shinkafa da ta wake. A ƙarshe a kwarara man shanu. Ba abin da ya raba shi da shinkafa da wake irin na Kano sai laushin, amma laushin nan shi ne ya sa yaro ɗan wata 8 zai iya ci. A jihar Rajastan, wadda ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama kamar arewacin Katsina ko Damagaram, da gero su ke yinsa maimakon shinkafa. Geron nan kuwa asalinsa daga Afirka ta Yamma ya je can.

A kudancin Indiya akwai idli. A kan jiƙa shinkafa da wani ɗan ƙaramin baƙin wake, a niƙa, a gauraya, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, da safe a turara shi cikin ƙananan gurabe. Duk mai yin waina za ta gane aikin nan da kallo ɗaya. Babban bambancin shi ne ƙullin waina ba wake a cikinsa.

Habasha da Masar

Kiristocin Habasha su kan ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a yawancin ranakun Laraba da Jumma'a, da kuma kwana 55 na babban azuminsu. Wannan ya sa suka gwanance da miyar da ba nama. Wadda ta fi shahara ita ce shiro, da a ke yi da garin wani wake mai kama da gujiya. A kan soya waken, a niƙa shi da kayan yaji, a adana garin. In an tashi miya sai a soya albasa da mai, a tsaida ruwa, a kaɗa garin kamar yadda a ke kaɗa kuka, cikin ɗan lokaci ta nuna. Amfanin wannan dabara a bayyane ya ke ga ƙasar da itace ke tsada, gama garin wake ba ya cin wutar da ƙwayar wake ke ci. Ba abin da zai hana a yi haka da farin wake a ci tuwon dawa da shi.

Mutanen Masar kuwa da ful su ke karya kumallo, wani babban wake da a ke bari cikin tukunya mai ƙaramin baki ya kwana kan wuta, a dagargaza shi da mai da lemon tsami, a ci da gurasa. Alhazai da Hausawan Sudan sun san shi. Lemon nan ba don daɗi kaɗai ya ke ba, yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, wanda ke ƙara jini. Shayi akasin haka ya ke yi in an sha shi tare da abinci.

Gargaɗi daga masu masara

Masara daga ƙasar Meziko ta fito. Mutanen can tun zamanin da ba su niƙa ta sai sun dafa ta cikin ruwan toka ko ruwan wani farin dutse da aka ƙona, kuma da wake su ke cin ta. Da Turawa suka kai masara ƙasashensu, iri suka ɗauka, suka baro dabarar. Sai wata cuta mai suna pelagara ta ɓulla cikin talakawan da masara ce cimarsu: fata ta yi baƙi ta tsattsage inda rana ke duka, ga zawo, daga baya hankali ya ruɗe. Wani likita mai suna Gaspar Casal ya ba da bayaninta a Sifen a 1735. Ta addabi arewacin Italiya da kudancin Amurka, har Joseph Goldberger, wanda ya fara bincikenta a 1914, ya nuna daga abinci ta ke, ba ɗauka a ke yi ba. Daga baya aka gane bitamin da a ke kira nayasin a ɗaure ya ke cikin masara, ruwan toka ne ke kwance shi. Wannan labari ya shafi gundumomin da masara ta ture gero da dawa daga gonaki. Gidan da ya koma tuwon masara safe da dare ya fi kowa bukatar wake da gyaɗa, gama gyaɗa tana da nayasin da yawa.

Kayan zaƙi

Kalmar alewa daga Larabci ta zo, daga halawa. A Masar da Sham da Turkiyya a kan yi halawa da niƙaƙƙen riɗi da sukari. A Indiya akwai laddu, dunƙulen garin wake da aka soya da man shanu, akwai kuma cikki, wanda ba kome ba ne illa gyaɗa da mazarƙwaila. A narka mazarƙwaila gwangwani 1 da ɗan ruwa, a yi ta juyawa har in an ɗiga ta cikin ruwan sanyi ta taurare nan take. Sai a zuba soyayyar gyaɗa gwangwani 2, a juya da sauri, a shimfiɗa kan faranti da aka shafa wa mai, a yayyanka tun da zafi. Kantun riɗi da dakuwa 'yan wannan gida ne, kuma sun fi alewar kanti nesa ba kusa ba, gama ita sukari ce tsantsa da launi. Amma kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, domin ta kan shaƙe shi, kada kuma a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Gyaɗa tana da haɗari guda. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai hunhuna. Daga nan aka gano dafin da a ke kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta. Suya ba ta kawar da shi sarai. Gyaɗar da ta motse, ko ta sake launi, ko ta yi ɗaci, ta juji ce. Abin takaici shi ne sau da yawa mai kyau a ke kai wa kasuwa, a bar ragowar don ƙuli-ƙuli da kunun yara.

Inda hakimi zai sa baki

Kada a ce Bahaushe ba ya karɓar baƙon abinci. Awara asalinta daga ƙasar Sin ne, ga ta yanzu a bakin ko wace makaranta. Ƙasar Hausa ita ma ta ba da nata. Shinkafa da waken da mutanen Gana ke dafawa da karan dafi, sunansa waakye daga kalmar wake ya fito. Nijeriya ce ta fi ko wace ƙasa noman wake irin wannan, Nijar na bi mata. Ashe ba rashin wake ne matsalar ba. Matsalar ita ce manomi ya kan sayar da shi duka tun da kaka, don bukatar kuɗi da tsoron ƙwari, in bazara ta yi ya rasa na sa wa a tukunya. Wanda ya ajiye kuma ya kan barbaɗa masa maganin ƙwari mai guba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Tun 2007 aka fara yaɗa buhu mai riɓi 3 wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, in an ɗaure bakinsa tam ƙwari su kan mutu don rashin iska, ba tare da magani ba. Yana da kyau hakimi ya sa malamin gona ya gwada shi a gaban dagatai da masu unguwa kafin a cire wake.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Bitamin B12 ba a dogara da tsiro wajen samunsa, sai nama da kifi da ƙwai da madara. Yawancin Indiyawan da ba su cin nama suna shan madara da kindirmo kullum. Saboda haka ba a cewa a bar nama in an samu, kuma nono da ƙwan da gida ke da su kada a kwashe su duka zuwa kasuwa, mai ciki da mai shayarwa da yara suna da hakki a ciki.

Saƙon da malamin hakimi zai rubuta wa ungozomai da malaman asibiti gajere ne. Jariri nono zalla zai sha har wata 6. Daga nan a auni gero mudu 3 ko 4 da wake mudu 1, a soya waken sama-sama, a surfe shi, a niƙa su tare. A dama kunun da kauri, ya dahu sosai, a sa masa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko man ja, a ba yaro sau 2 ko 3 a yini, a ƙara in ya girma, ana kuma ci gaba da ba shi nono har shekara 2.