Rumbun Kurege: Darasi Daga Zamanin Ƙanƙara

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ya san kurege a tatsuniya da wayo. Manomin Gwagwalada kuwa ya san shi da tonon gyaɗa. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne kan wani danginsa da ya rayu a zamanin ƙanƙara, wato lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe manyan sassa na arewacin duniya.

Abin da Aka Tono

A gaɓar kogin Kolyma da ke Saberiya, masana na ƙasar Rasha sun gano ramukan kurege a zurfin mita 38 cikin daskararriyar ƙasa. Kuregun sun tara 'ya'yan tsirrai domin guzuri, sanyi kuma ya hana su ruɓewa. Awo ya nuna 'ya'yan sun kai shekara 30,000. A shekarar 2012 masanan suka bayyana cewa sun raya wata ciyawa daga tsokar waɗannan 'ya'ya, har ta yi farin fure ta ba da iri.

Haka kuma, a 2018 an tsinci wani dunƙulen gashi a mahaƙar zinariya a yankin Yukon na Kanada. Da aka ɗauki hoton cikinsa, sai ga kurege a naɗe, da alama ya mutu yana barcin hunturu.

Kammalawa

Daga ramin kurege ake gane irin tsirran da suka wanzu a da da kuma yanayin zamanin. Mu lura cewa kalmomin rami, rumbu, guzuri da iri sun ɗauki wannan bayani ba tare da aro ba. Idan ba mu rubuta kimiyya da Hausa ba, wa zai rubuta?