In Wakilin Inshora Ya Ce Miki "Ba Komai"

'Yar uwa, a ɗauka kina da shagon atamfa a kasuwa, kin yi masa inshorar gobara, ko ta gama-gari ko ta takaful. A takardar yarjejeniya an rubuta cewa ba za a ajiye fetur a shagon ba. Ke kuwa kina da ɗan janareto, da galan ɗaya a lungu. Kika gaya wa wakilin kamfanin, shi kuma da yake kamashonsa yake nema, ya ce, "Haba Hajiya, ba komai, wannan ai rubutu ne kawai." Allah Ya kiyaye, wuta ta tashi. Shin kamfani zai biya?

Amsar ta dogara ne a kan iznin da wakilin yake da shi. Abin da wakili ya yi cikin iyakar iznin da aka ba shi, ko iznin da kamfani ya bari mutane suka ɗauka yana da shi, yana hawa kan kamfanin. Matsalar ita ce yawancin masu yawo da fom aikinsu neman kwastoma ne da karɓar kuɗi. Ba su da ikon soke sharaɗi, kuma sau da yawa takardar da kanta tana faɗin cewa ba a canza sharaɗi sai a rubuce daga ofis. In haka ne, "ba komai" ɗinsa iska ce.

Amma kamfani ma ba ya kuɓuta haka kawai. A Ingila, inda dokarmu ta inshora ta samo asali, an yi shari'ar Wing da Harvey a 1854. Mutumin da aka yi wa inshorar rai ya koma Kanada, alhali sharaɗi ya hana fita Turai ba izni. Wakili ya sani, ya ce ba matsala, ya ci gaba da karɓar kuɗi shekara da shekaru yana aika wa kamfani. Kotu ta ce ba zai yiwu a ci kuɗin mutane sannan a fake da sharaɗin ba. A 1892 kuma aka yi ta Bawden, mai ido ɗaya, wanda bai iya karatu ba. Wakili yana ganinsa ƙuru-ƙuru ya cika fom cewa ba shi da nakasa. Da ɗaya idon ya lalace, kotu ta ce sanin wakili sanin kamfani ne.

Kada wannan ya sa ki saki jiki. A shari'ar Newsholme ta 1929, wakili ya rubuta amsoshin ƙarya, mai mota ya sa hannu bai karanta ba, ya kuwa rasa diyya. A Najeriya, Dokar Inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2025, ta tilasta a buga a gaban fom cewa wakilin da ya taya ki cikawa, a wannan aikin wakilinki ne ke. Wato kuskurensa naki ne. A ganina wannan ya yi wa matan da ba su yi boko ba tsauri, don su ne suka fi miƙa fom a cika masu.

Don haka duk sassaucin da wakili ya yi miki, ki ce a rubuto shi daga ofis a manna a takardarki. Fom kuma kada ki sa hannu sai ke ko maigida ko ɗanki ya karanta miki layi-layi. Ki adana rasit da saƙonnin waya, domin su ne shaidar cewa kamfani ya sani kuma ya karɓi kuɗi. Ki kuma tambaya ko mutumin wakilin kamfani ne ko dillali, don dillalin inshora a doka naki ne, alkawarinsa ba ya ɗaure kamfani. In an hana ki haƙƙinki, hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana karɓar ƙorafi kafin a kai ga kotu.