Kuɗi Ya Fita, Bai Shiga Ba: Shawara Ga Mai Haɗa Manhajar Karɓar Kuɗi

Yawancin matasanmu masu haɗa manhaja, idan aka ba su aikin da ya shafi karɓar kuɗi, sukan ɗauka sakamakon biya iri biyu ne: ko ya yi, ko bai yi ba. Sai su tanadar wa waɗannan biyun, su gwada da katin gwaji, su miƙa aiki. Da an fara ciniki na gaske sai waya ta dame su: "Malam, an cire min kuɗi, kuma ba a ba ni kayana ba." Akwai hali na uku, wato lokacin da kai kanka ba ka san abin da ya faru ba tukuna, kuma a Najeriya shi ne yake zubar wa mai manhaja da mutunci.

Ka fara sanin hannayen da kuɗin yake bi. Idan mutum ya yi taransifa daga bankinsa zuwa wani banki, saƙon yakan bi ta NIBSS ne, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, a kan tsarin NIP da aka fara a 2011. Idan kati ne, daga manhajarka sai kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, daga nan sai mai sada bankuna irin su Interswitch, sannan bankin da ya ba da katin. Kowanne cikinsu yana iya jinkiri, kuma amsa tana iya ɓacewa a hanyar dawowa bayan an riga an cire kuɗin. Duk wanda ya ga farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya tura kowa zuwa taransifa, ya san yadda kuɗi ke maƙalewa a tsakani.

Saboda haka tun a rumbun bayananka ka ba kowane biya matsayi uku: ya yi, bai yi ba, ana jira. Kafin ka tura komai zuwa ga kamfanin karɓar kuɗi, ka ƙirƙiri lambar shaida wadda babu irinta, ka adana ta tare da adadin kuɗin da sunan mai biya. Idan ka tura ka ji shiru har lokacin jira ya ƙare, kada ka rubuta cewa bai yi ba. Shiru ba amsa ba ce. Ka bar shi a "ana jira", ka sa wani aiki a bayan fage ya riƙa tambayar kamfanin da wannan lambar, yana ƙara tazara tsakanin tambaya da tambaya, har ka samu amsa tabbatacciya.

Wannan ya fi tsanani idan kai ne mai tura kuɗi, kamar biyan albashi ko biyan dillalai. Ka tura wa mutum naira 200,000, netwok ya yanke, manhajarka ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa da sabuwar lamba. Ka biya sau biyu ke nan, kuma dawo da kuɗi daga asusun wani sai da roƙo, ko da takardu, wani lokaci har da kotu. Kada a sake turawa sai an tabbatar na farko ya faɗi. Kafin turawa ma ka nemi sunan mai asusun ta hanyar da API ya tanada, ka nuna wa mai turawa ya gani da idonsa, domin lambar asusu mai alƙaluma 10 tana iya zama ingantacciya amma ta wani ce daban.

Sai batun wanda za ka yarda da maganarsa. Burauza ko wayar mai saye ba shaida ba ce, domin duk mai ɗan wayo yana iya buɗe shafin "an biya" ba tare da ya biya ko sisi ba. Hoton rasit da alat na bogi kuwa 'yan kasuwar Kantin Kwari ma sun daina yarda da su, balle kai. Sabarka ce za ta tambayi sabar kamfanin kai tsaye, kuma kada ta tsaya a kalmar nasara kawai. Ta duba adadin kuɗin ya yi daidai da wanda ka adana, ta duba naira ce ko wani kuɗin. Mutum yana iya biyan naira 100 a kan kayan 10,000, amsa kuma ta dawo da nasara.

Kamfanonin nan sukan turo saƙon sanarwa zuwa wani adireshi a sabarka idan biya ya kammala. Adireshin a buɗe yake ga duniya, don haka ka tantance sa hannun da ke kan kowane saƙo. Paystack, misali, yana amfani da HMAC SHA512 da makullinka na sirri. Kuma ka sa a ranka saƙo ɗaya zai iya zuwa sau biyu ko uku, ko ya iso daidai lokacin da aikinka na bayan fage yake tabbatar da biyan. Dubawa da "idan ba a riga an saka ba" a cikin manhaja ba ta isa ba, domin buƙatu biyu suna iya wucewa tare. Ka sa rumbun bayanan da kansa ya ƙi karɓar lambar shaida ɗaya sau biyu.

Kuɗi kuma a kwabo ake ajiye shi, a cikakkiyar lamba. Ka haɗa 0.1 da 0.2 a JavaScript ka gani, 0.30000000000000004 zai ba ka. Ka karanta takardun kowane kamfani da kyau: Paystack kwabo yake karɓa, wato naira 5,000 ita ce 500000, Flutterwave kuwa naira yake karɓa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne littafin shiga da fita. Mai shago mai riƙon amana ba ya goge bashin jiya ya rubuta sabon adadi, layi yake ƙarawa a ƙasa. Kai ma kada ka riƙa sauya ragowar kuɗin mutum a gurbi ɗaya. Kowane shiga, kowane fita, kowane mayarwa ya samu layinsa da lokacinsa da lambarsa, ragowar kuma ta fito daga jimlar layukan. Kowace safiya ka gwada littafinka da rahoton kamfanin da kuma abin da ya sauka a banki, ka tuna an cire kuɗin hidima, kuma kuɗin kati yawanci sai ranar aiki ta gaba yake sauka. Idan taransifa ce ka adana lambar NIP ta wannan ciniki, domin ita banki zai nema ranar da aka samu saɓani.

Bayanan kati kada su taɓa sauka a sabarka, ka bar wa masu shaidar PCI DSS. BVN da lambobin waya suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, kada ka karɓi abin da ba ka buƙata. Idan kuma mai aikin ya ce a yi masa jakar ajiyar kuɗin jama'a a cikin manhaja, ka gaya masa gaskiya tun kafin ku yi ciniki: riƙe kuɗin mutane sai da lasisin Babban Banki, ko a jingina da banki ko kamfanin da yake da shi.

Kafin ka miƙa aikin da ke hannunka, ka yanke intanet da gangan a tsakiyar biya, ka tura wa sabarka saƙon sanarwa ɗaya sau uku, ka gwada biyan kuɗin da bai kai ba. Idan littafinka bai daidaita ba bayan waɗannan, ka nemi ƙarin kwanaki wajen mai aikin, kada ka saki manhajar.