Kaurin Shimfiɗar Ciyawa a Gindin Furanni

Kowace damina ana dasa furanni da itatuwan ƙawa a harabar ofisoshin Hakimai, da makarantu, da ɗakunan shan magani, amma da yawansu ba su kaiwa wata daminar. Tun daga watan Nuwamba iskar hunturu ke tsotse laimar ƙasa, sa'an nan zafin bazara ya ƙarasa abin da ya saura. Maganin wannan shi ne a lulluɓe ƙasar gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ko ganye, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa. Amma shimfiɗar nan ba ta amfani sai an daidaita kaurinta.

Kaurin da ya dace shi ne inci 2 zuwa 4, watau santimita 5 zuwa 10. Inda babu abin awo, faɗin yatsu huɗu a haɗe ya yi kusan inci 3. Abu mai laushi, kamar buntu, inci 2 ya isa, domin yana danƙarewa. Ciyawa da yankakken kara kuwa suna iya kai inci 4, domin iska tana ratsa su.

In shimfiɗa ta gaza inci 2, rana za ta kai ga ƙasa, ruwan da aka sha wahalar jawowa daga rijiya ya bushe, haki kuma ya tsiro. In ta wuce inci 4, ita ce za ta shanye ruwan bayi kafin ya isa saiwa, da damina kuma ƙasa ta jiƙe ainun, saiwa ta rasa iska ta ruɓe.

Ga abubuwa uku da za a kiyaye:

1. A cire haki, a ba ƙasa ruwa sosai, kāna a shimfiɗa.

2. Kada shimfiɗa ta taɓa jikin shuka. A bar fili kamar faɗin tafin hannu kewaye da gindi, ga itace kuwa taƙi guda. Tara ciyawa jikin gindi yana ruɓar da ɓawo, yana kuma jawo gara.

3. A nisanta busasshiyar ciyawa daga dangar kara da wurin hura wuta, saboda gobara.

Ya kamata Hakimi ya sa Malaminsa ya riƙa zagayawa sau ɗaya a wata tare da mai lambu, su tura yatsa su auna. Inda shimfiɗa ta ragu a ƙara, inda ta danƙare a motsa ta, in ruwa ya sauka kuma a rage.