Gida a Manufar Gwamnati da Gida a Ƙasar Badarawa: Nazarin Siyasar Samar da Muhalli Mai Rahusa

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe, kalmar "gida" ta ƙunshi gini da iyali da asali, shi ya sa ake cewa wane "ɗan gidan wane ne". Wannan maƙala ta dubi manufofin gwamnatin Nijeriya na samar da gidaje masu rahusa, ta auna su da yadda ake mallakar muhalli a Badarawa da garuruwan Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Hasashenta shi ne, an yanka waɗannan manufofi daidai wuyan ma'aikacin albashi na birni, alhali mafi yawan mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

2.0 Manufofin Gwamnati

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha ga gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. A 1979 jam'iyyar NPN ta yi kamfe da tambarin gida da masara, gwamnatin Shehu Shagari kuma ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Daga nan kalmar "lokos" ta zauna a bakin Hausawa. Shirin bai kai ko kusa da adadin ba, kuma an gina gidaje da yawa nesa da gari, inda babu ruwa ko kasuwa.

A 1991 aka fito da manufar gida ga kowa kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba shi rance da ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekaru har 30. A Fabrairun 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da sabon shirin rukunonin gidaje a Karsana, Abuja.

3.0 Yadda Ake Mallakar Gida a Yankin

A al'adar yankin, gida yana girma ne tare da iyali. Magidanci kan sami fili ta gado ko ta hannun hakimi, ya kewaye shi da darni, ya yi ɗakin jinka. In kaka ta yi kyau, ya sa a buga tubali, a sayo azara, a ɗora soro. In ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe a cikin gandu. Jarin wannan gini shi ne rumbu da dabbobi da adashi da gayya.

Wannan tsari ya yi karo da manufar gwamnati ta fuska uku. Na farko, rancen yana buƙatar takardar albashi da takardar mallakar fili, ga shi kuwa manomi ba ya da ta farkon, kuma da wuya ya sami ta biyun. A yankin, waɗanda suka fi cika sharaɗin su ne ma'aikata, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983. Na biyu, ruwan da ke kan rancen riba ce a idon mafi yawan jama'ar Zamfara, jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a Janairun 2000. Na uku, ɗan ƙaramin gida mai falo da ɗaki ɗaya, maras zaure da tsakar gida, bai dace da mai mata biyu ba.

4.0 Tsada da Rashin Tsaro

Ko ma'aikacin ma lissafi bai fitar da shi ba. Kashi 2.5 na mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, ya kama naira 1,750 a wata, a shekarar da buhun siminti ya haura naira 10,000.

Hare-haren 'yan bindiga kuma sun kassara tsarin gargajiyar kansa. An kore shanu, an hana noma, an ƙone rumbuna, mutanen ƙauyuka sun kwararo garuruwa. Wanda ya bar gidan gado ya koma ɗan haya ko ɗan raɓe a gidan dangi. Rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara a 2021 ya ƙara toshe hanyar samun kuɗin gini. Duk da haka, gidajen da ake iya ƙirgawa a yanke ƙyallen buɗe su sun fi jan hankalin ɗan siyasa, domin su ne ake nunawa lokacin zaɓe.

5.0 Kammalawa

Manufar da za ta amfani ƙasar Badarawa dole ta fara da tsaro, domin komawa ƙauye ita ce hanya mafi arha ta mayar wa dubban iyalai muhallinsu. Sai sauƙaƙa takardar fili a ƙaramar hukuma, da rance maras ruwa da za a biya da kaka, da inganta ginin ƙasa ta hannun magina na gargajiya. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai aikin tattara kalmomin gini da labaran 'yan gudun hijirar yankin tun masu su suna raye.